Allon da ba ya riƙe tabo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Waɗanda suka yi ta turo mini saƙo cewa in yi haƙuri in karɓi Injiniya, na gani, na kuma gode, amma ku karanta wannan tukuna. Wadda ta rubuto cewa mamaci ba ya ciyar da mace, ke ma na ga naki. Ban ba ki amsa ba ne saboda ranar ina azumi.

Ga waɗanda yau suka fara karantawa, sunana Halimatu, a Tunga nake, gidan Babanmu. Karatuna bai wuce aji uku na ƙaramar sakandare ba, don haka in kun ga kuskure ku wuce shi. Abin da na tuna nake rubutawa, yadda na tuna shi.

Mijina Mika'ilu, Allah Ya jiƙansa, kafinta ne. Daga baya ya samu aiki a wata ƙaramar masana'anta a hanyar Maitumbi, inda ake narka ledar fiya wata da tsofaffin robobi, a haɗa da ɓuntun shinkafa da ɓawon gyaɗa da aka niƙa, a zuba wani sinadari, a matse a inji ya fito kamar katako. Da shi suke yin benci da ƙofa da saman tebur. Gara ba ta cinsa, ruwa ba ya ruɓar da shi. In ya karye ba a yar da shi, sake niƙawa ake yi a narka a zuba sabo. Abin da suka fi alfahari da shi kuwa, in ya tsage ko ya karce, da ya ji zafi sai bakin tsagar ya yi laushi ya haɗe, kamar ba a taɓa yin komai ba. Mika'ilu ya sha yi mini bayani yana cin abinci yana wasa da hannu, ni kuma ina cewa to, to, don dai ya ci ya gama in wanke kwano.

Wata rana ya shigo da guda ɗaya a bayan mashin, daga cikin na farkon da suka zuba. Faɗinsa kamar saman ƙaramin tebur, launinsa kamar ƙuli-ƙulin da ya ɗan ƙone, in ka kai hanci kuma ƙamshin gasasshiyar shinkafa yake. Mai wurin ne ya ba shi saboda gefensa ya ɗan karkace. Allo muke ce masa. A kansa muke cin abinci a ɗakin hayarmu.

A lokacin ya sayi ɗan fili a can ƙarshen Maitumbi, ko bulo ɗaya bai sa ba. Wata Juma'a bayan la'asar mun gama cin ɗanwake, sai ya ture kwanon gefe, ya zaro ƙusa daga aljihun wandonsa, ya fara zana mini gidan a kan allon. Nan falo, nan ɗakinmu, nan rijiya, nan za a dasa mangwaro. Ya zana ɗakin yara babba, ni da ko ɓari ban taɓa yi ba, na ce masa wa zai kwana a ciki, ya ce ɓeraye kafin masu shi su iso. Da ya zo kicin sai na ga ya yi shi ɗan mitsitsi. Na ce wallahi ban yarda ba, ko turmi ba zai zauna a nan ba. Muka yi ta musu. Ƙarshe ya ja tsaki yana dariya, ya sake jan wani layi a bayan na farko, ya ci daga filin mangwaron, ya ce, "Shi ke nan Hajiyata, na matsar miki da bango. Sai ki yi ta daka har maƙwabta su tashi."

Ban taɓa zuwa ko filin jirgi ba, amma Hajiyata yake ce mini.

Sannan ya ɗaga ƙusar ya nuna ni da ita, ya ce daga yau kada in sake ɗora tukunya mai zafi a kan allon nan, gidana zai ɓace. Dariya muka yi. Amma daga ranar na daina cin abinci a kansa, na tura shi ƙarƙashin gado inda siminti yake da sanyi.

Bara da damina Mika'ilu da abokan aikinsa suka tafi ɗauko ɓuntu a hanyar Bida, motar ta kife. Ba zan sake ba da wannan labarin ba, na ba da shi a baya, kuma na kwana biyu ban ci abinci ba bayan na rubuta. Da na fita takaba na dawo gida. Filin ya shiga rabon gado aka sayar, na ji an ce wani malamin asibiti ya yi ginin bene a wurin. Ban je na gani ba. Gidan da ya rage mini shi ne na kan allo. Kullum in na idar da sallar asuba nakan jawo shi, in rufe ido, in bi layukan da yatsa. Na san inda hannunsa ya danna da ƙarfi, na san inda ƙusar ta zame.

To a nan Injiniya Mujahid ya shigo. Shi ne mai kula da haɗin sinadari a masana'antar, shi ya zo gaisuwa da buhun shinkafa, ya zauna a zaure ya yi hawaye, ban ce na ƙarya ba ne. Dogo ne, fari, shaddarsa kullum a goge, turarensa yana riga shi shiga gida. Bai taɓa aure ba. Bayan takaba ya fara kira yana tambayar lafiyata, daga nan ya je wurin Baba ya nemi izini. Da ya gane ina jinkiri wajen karanta rubutu sai ya koma turo murya. Da safe: "Barka da asuba ranki ya daɗe, da fatan kin tashi lafiya." Da rana hoton fure. Da yamma ya tambaya me na ci.

Ba zan yi muku ƙarya ba, akwai lokacin da na riƙa sake sauraron muryar. Mace ce ni, kuma ɗaki shiru ba daɗi.

Amma sai na lura da wani abu. Duk hirar da za mu yi, ko daga maganar zafin gari aka fara, a kan allo take ƙarewa. Yana nan kuwa? Bai lanƙwashe ba? Ina nake ajiye shi? Wata rana ya fito fili. Ya ce akwai wasu masu kuɗi da za su zo daga Abuja duba aikinsu, kuma tambayar da kowa yake yi ita ce, sabo dai yana haɗe tsagarsa, to wanda ya tsufa fa? Ya ce duk na farkon da suka zuba an sake narka su, nawa kaɗai ya rage, wanda ya zauna a gida ya sha miya ya sha ruwa. In aka sa masa zafi a gaban mutanen suka ga zanen ya shafe, shi ke nan, masana'anta ta tsaya da ƙafarta. Ya ce sunan Mika'ilu za a ambata a wurin.

Na ce masa a'a. Ya ce in yi tunani. Na ce na yi. Ya ce ko gani ma ba zan bar shi ya yi ba? Na ce ɗakin mace ne, kuma ƙarƙashin gadonta. Ya yi dariya ya ce na fi ƙarfinsa, washegari ya aiko da leshi ruwan zuma da takalmi da jaka.

Gwaggo Larai ce ta karɓi kayan. Ƙanwar Baba ce, ita ta riƙe mu ni da ƙanwata Na'ima tun rasuwar mahaifiyarmu, kuma a gidanmu ko kaza ba ta shiga akurki sai da saninta. Tun ranar da Injiniya ya fara zuwa ta sa ni gaba. In na sa baƙin hijabi ta ce na mai da mata gida maƙabarta. In na ƙi ɗaga waya ta ce wa nake jira, gwamna? Ta ce 'yan mata masu digiri suna layi a kansa, ni bazawara mai aji uku ina ja masa aji. Ta ce ita mijinta na farko da ya mutu ko hularsa ba ta ajiye ba, ga ta nan ba ta mutu ba.

"Katako ne fa, Halima," in ji ta. "Ba ma katako ba, shara ce. Ledar da mutane suka tsotsa suka yar."

Na ce, "Gwaggo, ke kika sani."

"Ni na sani mana. Ke ce ba ki san komai ba sai kuka."

Ita Gwaggo ba ta taɓa tsayawa ta ji yadda allon yake ba. In na fara bayanin zafi sai ta kaɗa hannu ta ce in raba ta da tatsuniya. Na'ima ce mai saurare. Tana karatun difloma, tana son irin wannan abu, in Injiniya ya zo ita ke kai masa ruwa ta tsaya tana yi masa tambayoyi da Turanci. Gado ɗaya muke kwana da ita. Ta sha ganina da asuba ina bin layukan, ta sha juya mini baya ta ce, "Yaya Halima, kina cutar kanki."

Ana cikin haka wata safiya na jawo allon sai na ji yatsana yana santsi. Na kai shi bakin taga na ga wani fari-fari a cikin layukan, kamar an bi su da alli. Na shinshina, ƙamshin hoda. Na tambayi Na'ima, ta ce hodarta ce ta faɗi ta fashe a ƙasa, wataƙila ta shiga ƙarƙashin gadon. Na yi mata faɗa, na samu tsohon buroshi na goge, na manta da maganar. Ku riƙe wannan, 'yan uwa, ni ban riƙe ba.

Asabar ɗin da ta wuce Injiniya ya ce zai zo bayan azahar, yana son magana ta ƙarshe kafin ya turo manyansa. Baba ya tafi Kontagora ta'aziyya, sai wani satin zai dawo. Tun safe Gwaggo ta tayar da gida. Aka share tsakar gida, aka canza labulen falo, aka turara shi har ido yana yaji. Ta dafa shinkafa da miyar kaza, ta haɗa zoɓo da kunun aya. Ta ce yau ko zan mutu sai na sa leshin nan, ta ɗauko nata ɗan kunne na gwal ta ajiye mini a kan madubi. An ɗauke wuta tun jiya, sai ta sa Na'ima ta hura gawayi a dutsen guga, ni kuma ta ba ni kula ta ce in je gidan Maman Destiny in sayo ƙanƙara.

Maman Destiny maƙwabciyarmu ce, tana da janareta da firiza, wurinta Mika'ilu yake karɓar buhunan ledar fiya wata a da. Na tarar da layi, ga ta da surutu. Ta riƙe ni tana cewa, "Amarya, amarya, na ji ƙamshin kaza tun daga nan, ko ba za a gayyace mu ba?" Na yi yaƙe na karɓi ƙanƙarata.

Tun daga zaure na ji ƙamshin. Ba na kaza ba, ba na turaren wuta ba. Gasasshiyar shinkafa.

Ban san lokacin da na saki kular ba. Na'ima tana durƙushe a baranda, ta shimfiɗa wani siririn zani a kan wani abu mai faɗi, leshin yana kai, tana danna dutsen guga da hannu biyu, tana jinkirta shi a wuri ɗaya kamar mai gasa gurasa. Gwaggo tana kan kujera tana tsinke zogale. Na fizge leshin, na fizge zanin.

Allona ne.

Sumul. Falo babu, ɗakinmu babu, ɗakin yara babu, rijiya babu. Sai sheƙi yake yi kamar yau aka fito da shi daga inji. Na ɗora tafin hannuna, ya ƙone ni, ban ɗauke ba. Na bi shi lungu-lungu ina nema. A can kusurwar da ta karkace, inda dutsen bai zauna daidai ba, na samu layi biyu, ɗaya a bayan ɗaya, tsawon ɗan yatsa. Bangon kicin ne. Wanda ya fara ja, da wanda ya matsar mini.

Ban yi kuka ba, wannan ya ba ni mamaki. Na dubi Na'ima na ce mata wa ya ce ta taɓa mini kaya. Ta ce tebur ne ƙafarsa ke rawa, tabarma kuma tana sa wa leshi shaida, ta duba ba ta ga wani abu mai laushin fuska ba sai shi. Tana magana tana kallon gawayi. Na ce mata sau nawa na faɗa a gabanta cewa zafi ne maƙiyinsa. Ta ce ta manta. Na ce ke da kike haddace littafi guda ki shiga jarrabawa?

Gwaggo ta taso ta leƙa, ta ce ina abin tashin hankali a nan, ga shi ma ya fi kyau, dā duk ya yi zane-zane kamar fuskar kuturu. Na ce mata gidana ne aka goge. Ta ce gidan da ba ya tare ruwan sama? Na faɗa mata maganar da ban taɓa faɗa wa babba ba, ba zan rubuta ta nan ba. Ta ɗaga hannu za ta mare ni, sai muka ji ƙarar mota a ƙofar gida.

Ban sa leshin ba. Da baƙin hijabina na shiga falo, ƙafata duk ruwan ƙanƙara, allon a rungume a ƙirjina da sauran ɗuminsa. Na ajiye shi a tsakiyar kafet na zauna a ƙasa. Gwaggo ta biyo ni tana gyara ɗankwali tana washe baki, tana cewa Injiniya ya yi haƙuri, yarinyar ce yau aljanunta suka motsa. Na'ima ta tsaya a bakin labule.

Ya sa farar shadda da hula zanna, agogonsa yana ƙyalli. Ya fara gaishe da Gwaggo, ya juyo zai gaishe ni, sai idonsa ya faɗa kan allon. 'Yan uwa, na ga fuskar mutumin nan. Na taɓa ganin irinta sau ɗaya, ranar da wani maƙwabcinmu ya ji an haifa masa namiji. Ya sauko daga kujera da farar shaddarsa ya durƙusa, ya shafa saman, ya karkata kai yana duba shi ta gefen haske. Ya ce wani abu da Turanci a hankali. Sannan ya tuna ina wurin, ya tattara fuskarsa, ya ce inna lillahi, garin yaya haka ta faru.

Na ce, "Guga aka yi a kai."

Ya ce kash. Ya ce ya san yadda nake ji. Ya ce amma in duba ikon Allah, abin da Mika'ilu ya zuba da hannunsa, bayan duk wannan lokaci, bai gaza ba. Ya ce wataƙila ma ishara ce gare ni, cewa tabo ba ya dawwama. Gwaggo ta ce ka faɗa mata dai, mu mun gaji.

Na ci gaba da kallon layukana biyu. Ina jin hakan ne ya dame shi, don sai ya zaro waya ya ce in kwantar da hankalina, zanen bai ɓata ba, yana da hotonsa, zai sa a wanke mini babba a saka a gilashi in rataya a ɗakinmu. Ɗakinmu, haka ya ce. Ya miƙo mini wayar.

Ga gidana nan gaba ɗaya. Falo, rijiya, da'irar mangwaro, ɗakin ɓeraye. Kowane layi fari tas, an cika shi da hoda don ya fito. A ƙarƙashin allon ledar ɗakinmu ce mai zanen furanni shuɗi. A gefen hoton kuma, ƙasa-ƙasa, babbar yatsar ƙafa ce da jan lalle, da ɗan tabon da Na'ima ta samu ranar da ta taka kwalba tana aji biyu. Ni na ɗaure mata ƙafar a ranar.

Na sa yatsa a kan gilashin wayar na bi layin ɗakinmu. Babu komai. Santsi kawai, da sanyi.

Na ce, "Injiniya, ban taɓa nuna maka allon nan ba."

Ya waiga wajen labule. Na'ima ta fara kuka a bakin labule, tana cewa wallahi Yaya don ke na yi, ya ce in aka goge za ki huce, ya ce hoto kawai yake so kafin da bayan, ya ce ba zafi sosai ba. Shi kuma yana cewa ba haka ya ce ba, shawara kawai suka yi, yarinya ce ta yi gaggawa. Gwaggo ta daina washe baki. Ta dubi Na'ima, ta dubi shi, ta ce wane kafin wane bayan, a yi mata Hausa.

Ni na yi mata. Na ce hoton farko shaida ce cewa akwai zane, allon yanzu shaida ce cewa ya goge, su biyun zai kai wa mutanen Abuja. Na ce leshin da ya aiko ma ina jin don a samu abin gogewa ne. Wannan ƙarin nawa ne, ban san gaskiyarsa ba, amma na faɗa kuma ban janye ba.

Ya ce in ji tsoron Allah, shi da aure ya zo. Ya ce sonsa gare ni daban, aiki daban. Muryar nan dai ta safiya, mai taushi, wadda nake sake saurare.

Sai na tura allon gabansa da ƙafata, har ya taɓa gwiwarsa. Ba ba shi zan yi ba, ko wuƙa ya sa mini. So nake Gwaggo ta gani da idonta, tunda kunnenta ba ya jin tawa.

Na ce, "Ga allo, ga ni. Ɗaya za ka fita da maganarsa daga gidan nan yau. In ni ce, allon ba za ka sake ganinsa ba, hoton ma yanzu za ka goge a gabana. In shi ne, ɗauka, kada ka sake kirana."

Ya kalle ni. Ya kalli wayarsa. Ya ce Halima wannan ba adalci ba ne, akwai mutane da yawa da suke cin abinci a masana'antar nan, har da abokan Mika'ilu. Ya ce aron sati ɗaya kawai, zai dawo da shi, sauran layukan biyun nan ma su za a gwada a gaban baƙin, abin minti kaɗan ne. Yana magana hannunsa yana tafiya. Kuma ba wajena ya nufa ba.

Kafin yatsunsa su kama gefen, Gwaggo ta ɗora ƙafarta a kan allon.

Ta ce, "Injiniya, an kusa kiran la'asar. Masallaci yana bayan layi."

Ya ce Gwaggo ki saurare ni. Ta ce ta saurara. Ta ce a gidan yayanta, a bayan idonta, aka haɗa baki da yarinyar da ta raina, aka bar ta ita tana zaune tana tsinkar zogale kamar gunki. Wannan ne ya ƙona ta, kada ku ɗauka tausayina ne. Ya tashi ya kaɗe gwiwar shaddarsa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, a hankali, in ana maganar gaskiya allon nan kayan masana'anta ne, ba a taɓa rubuta cewa an bayar ba. Gwaggo ta ce ya gaida gida. Kazar ko buɗe ta ba a yi ba.

Na sunkuya zan ɗauki abina, ƙafar ba ta ɗaga ba.

Ta ce ni ma ban tsira ba. Ta ce wannan shara ta raba ni da hankalina, ta sa na zagi wadda ta goya ni, ta sa ƙanwata ta zama munafuka, ta kori baƙo da abinci a tukunya. Daga ni har Injiniya, ba wanda zai sake taɓa allon sai Baba ya dawo ya yanke hukunci. Ta ɗauke shi da kanta, ta kai ɗakinta, ta datse da kwaɗo, ta ƙulle makullin a bakin zaninta.

Waɗanda ba su san gidanmu ba ba za su gane ba. Ɗakin Gwaggo shi ne na ƙarshe, jikin katangar yamma. Kwano ne tsirara, babu silin, taga ɗaya ce kuma ta toshe ta da kwali saboda sauro. A wannan watan na bazara ita kanta ba ta iya zama a ciki da rana, a baranda take yini. Man kaɗanya in ta ajiye a can ruwa yake zama. Kyandir lanƙwashewa yake. Mika'ilu ya taɓa gaya mini cewa dutsen guga ko tukunya nan take suke aiki, amma zafin ɗaki ma yana yi, a hankali, ƙananan layuka su yake fara ci. Layin farko na bangon kicin bai danna shi sosai ba.

Na roƙe ta. Na durƙusa na kama ƙafarta, wadda ta taka allon da ita, na ce ta yafe mini zagin, ta mai da shi ko ƙarƙashin randa ne, makullin ya zauna a wurinta. Ta ce tatsuniyar zafin nan ta ishe ta haka, ta ga abin da dutsen guga ya yi, amma ɗakinta ba dutsen guga ba ne, shekara nawa tana kwana a ciki ba ta narke ba. Na kira Baba, wayarsa a kashe. Na'ima ta zo za ta yi mini magana, na ce ta matsa, na kwashe filona na koma kwana a falo. Injiniya kuwa ya turo murya har uku, ban buɗe ba. Na ga dai ta ƙarshen doguwa ce.

Don haka in kun bi ta layinmu a Tunga tsakanin azahar da la'asar kuka ga wata mace da baƙin hijabi a tsaye kan turmi, tana watsa ruwa a kan kwanon ɗaki da kofin roba, ni ce. Ruwan famfo ba kullum yake zuwa ba, na wanka da na wanki nake haɗawa. Yara suna taruwa a kan katanga suna kallo. Jiya Maman Destiny ta leƙo ta ce, "Halima, ruwan sama kike koya wa Allah?" Da na gaya mata dalili ba ta yi dariya ba, ta koma ta aiko mini da ruwan da ya narke a firizarta.

Ruwan yana sauka a kan kwanon ya yi cuu, tururi ya tashi, kafin in sauko in ɗebo wani ya bushe. Gwaggo tana baranda tana kallona tana jan carbi, makullin yana lilo a bakin zaninta. Ban san ko layi biyu ne a cikin ɗakin yanzu ba, ko ɗaya.